Jiragen Ƙasa Masu Tururi na Siraran Layukan Dogo a Jamus

Siririn layin dogo shi ne wanda faɗinsa bai kai milimita 1,435 ba. Jamus ta rungume shi a ƙarshen ƙarni na 19 saboda arha, kuma yana iya shan kwana a tsakanin duwatsu inda babban layi ba zai ratsa ba.

Masarautar Saksoniya ce ta fi yin fice. A 1881 ta buɗe layinta na farko mai faɗin milimita 750, daga Wilkau zuwa Kirchberg. Kamfanin Hartmann da ke Chemnitz ya ƙera kawunan jirgi samfurin IV K guda 96 tsakanin 1892 da 1921. Ƙafafunsu rukuni biyu ne, kowanne na juyawa da kansa, shi ya sa kwana ba ta yi musu wuya.

A tsaunukan Harz kuwa faɗin mita ɗaya aka zaɓa, kuma layin ya isa ƙololuwar dutsen Brocken a 1899. Masana'antar Babelsberg ta ƙera manyan kawuna 17 daga 1954 zuwa 1956. Rabuwar Jamus ta hana fasinjoji hawa dutsen daga 1961, sai a 1991 jirgi ya koma.

Motoci sun kashe yawancin layukan Jamus ta Yamma, amma na Gabas da dama sun tsira. Har yau jirgin Molli yana ratsa tsakiyar titin garin Bad Doberan da hayaƙinsa, kuma a 2009 aka ƙera masa sabon kai a Meiningen.