Tarihin Ikon Shugaban Ƙasa da Iyakokinsa a Najeriya

Shugaban ƙasa a Najeriya shi ne shugaban gwamnatin tarayya, kuma babban kwamandan askarawan ƙasa. Sashe na 5 na kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa masa ikon zartarwa, amma kundin ya gindaya masa iyakoki ta hannun majalisa da kotuna da jihohi, ya kuma ƙayyade masa wa'adi. Tarihin kujerar ya nuna cewa iyakokin nan suna aiki ne a lokacin da waɗanda aka ba amanarsu suka tsaya a kansu, in kuwa suka yi sakaci sai su zama rubutu kawai.

Asalin kujerar

An ƙirƙiro muƙamin ne ranar 1 ga Oktoba 1963, lokacin da Najeriya ta zama jamhuriya. Dokta Nnamdi Azikiwe ya zama shugaban ƙasa na girmamawa, ragamar mulki kuwa tana hannun Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. An ga iyakar kujerar bayan zaɓen Disamba 1964 mai cike da rikici: Azikiwe ya yi jinkirin kiran Ɓalewa ya kafa gwamnati, amma doka ba ta ba shi wata hanya ba, sai ya kira shi a farkon Janairu 1965.

Wannan ja-in-ja na cikin dalilan da suka sa Janar Murtala Muhammed, a 1975, ya kafa kwamitin rubuta sabon kundi ƙarƙashin Rotimi Williams. Kwamitin ya ɗauko tsari irin na Amurka, inda mutum ɗaya da jama'a suka zaɓa kai tsaye yake riƙe da shugabancin ƙasa da na gwamnati. Don kada wani yanki shi kaɗai ya naɗa shugaba, kundin 1979 ya sharɗanta samun aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a biyu bisa uku na jihohi.

Jamhuriya ta Biyu

Alhaji Shehu Shagari ne shugaban ƙasa na farko mai cikakken iko, kuma tun kafin ya hau sai da sharaɗin nan ya kai shi gaban alƙalai. Ya samu kashi ɗaya bisa huɗu a jihohi 12 cikin 19, a Kano kuwa ya tsaya ƙasa kaɗan da kashi 20 cikin ɗari. Abokin takararsa Cif Obafemi Awolowo ya kai ƙara cewa 12 ba ta kai biyu bisa uku na 19 ba, amma Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Shagari a Satumba 1979.

A tsohuwar jihar Kaduna aka fara ganin ƙarfin majalisa a kan mai zartarwa. Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya samu majalisar da jam'iyyar NPN ke da rinjaye a cikinta. Ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, sannan ta tsige shi a Yuni 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya maye gurbinsa. Shi ne gwamna na farko da aka tsige a ƙasar, kuma tun daga nan ake muhawara a kan ko tsigewa hukunci ne ko makamin siyasa.

Juyin mulkin 31 ga Disamba 1983 ya kawar da iyakokin baki ɗaya. Janar Ibrahim Babangida ya ɗauki laƙabin shugaban ƙasa a 1985, amma da dokar soja ya yi mulki, babu majalisar da za ta taka masa birki.

Abin da kundin 1999 ya tanada

Shugaban ƙasa yana naɗa ministoci, aƙalla ɗaya daga kowace jiha, amma sai Majalisar Dattawa ta amince. Shi ke gabatar da kasafin kuɗi, majalisa ke ba da izinin kashewa. Idan aka kai masa ƙudurin doka, yana da kwana 30 ya rattaba hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, biyu bisa uku na kowace majalisa na iya mai da shi doka, kamar yadda aka yi wa Shugaba Obasanjo a 2000 kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta. Ba ya ƙaddamar da yaƙi da wata ƙasa sai da amincewar majalisun biyu. Yana da ikon yin afuwa, yana kuma da rigar kariya daga gurfana a kotu muddin yana kan kujera. Wa'adinsa shekara huɗu ne, ba a zaɓarsa fiye da sau biyu.

Sashe na 143 ya tanadi tsigewa, ta hanyar kwamitin bincike na mutum bakwai da Alƙalin Alƙalai ke naɗawa, sannan ƙuri'ar biyu bisa uku. Ba a taɓa tsige shugaban ƙasa ba, ko da yake a Agusta 2002 Majalisar Wakilai ƙarƙashin Ghali Umar Na'Abba ta ba Obasanjo mako biyu ya sauka ko ya fuskanci tsigewa.

Gwaje-gwajen Jamhuriya ta Huɗu

Babban gwaji shi ne tazarce. Ranar 16 ga Mayu 2006 Majalisar Dattawa, ƙarƙashin Ken Nnamani, ta yi watsi da ƙudurin gyaran kundi da zai buɗe ƙofar wa'adi na uku. Da ya wuce, da gwamnoni ma sun amfana. Don haka a 2007 Obasanjo ya sauka, haka ma gwamnonin da suka cika shekara takwas, ciki har da Ahmed Mohammed Makarfi na Kaduna, wanda daga nan ya tafi Majalisar Dattawa yana wakiltar Kaduna ta Arewa.

Rashin lafiyar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ta bankaɗo wani giɓi. Ya tafi Saudiyya a Nuwamba 2009 ba tare da miƙa mulki a rubuce ba. Ranar 9 ga Fabrairu 2010 majalisa ta kafa hujja da larura ta naɗa mataimakin shugaban ƙasa Goodluck Jonathan muƙaddashi. Daga baya aka gyara sashe na 145: idan shugaba bai aika wasiƙa cikin kwana 21 ba, majalisa na iya ba mataimakinsa riƙo.

Dokar ta-ɓaci ita ce fagen da ikon ya fi faɗi. Obasanjo ya dakatar da gwamnan Filato a 2004 ya naɗa kantoma. Jonathan ya ayyana ta a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, ya bar gwamnoni a kujerunsu. Bola Tinubu ya dakatar da gwamnan Ribas a Maris 2025. Akwai kuma lokutan da aka bijire wa kotu, kamar tsare tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro Sambo Dasuki daga 2015 zuwa 2019 duk da belin da kotuna suka ba shi.

Shari'ar da ta fi taɓa talaka ita ce ta sauya fasalin naira. A farkon 2023 takardun kuɗi suka yi ƙaranci, ciniki ya tsaya cik a kasuwannin karkara, inda manomin rake ko tumatir ba ya sayarwa sai da kuɗi a hannu. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli. Ranar 3 ga Maris 2023 kotun ta soke umarnin Shugaba Muhammadu Buhari, ta ce tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1000 su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba.

A dukkan waɗannan lokuta, 'yan majalisa ne da alƙalai da gwamnatocin jihohi suka tsayar da shugaba, ko suka kasa. Saboda haka ƙuri'ar da mai zaɓe a arewacin jihar Kaduna ke kaɗa wa ɗan majalisar tarayya na mazaɓar Makarfi da Kudan, ko ta Ikara da Kubau, da wadda yake kaɗa wa sanatan Kaduna ta Arewa, ba ta gaza ta shugaban ƙasa nauyi ba. Waɗannan wakilai ne kundi ya ba ikon tantance ministoci, da riƙe baitulmali, da cewa a'a idan shugaba ya nemi wuce gona da iri.