Sikila, Sauro da Garki

Tun da Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, ba na rasa jin mai cewa wai sikila sabuwar cuta ce da likitoci suka ƙago don raba masoya. Jiya ma sai da muka tafka wannan musun a majalisarmu.

Jama'a, amosanin jini ya daɗe da mu. Kakanninmu sun san yaron da ke kwana kuka da ciwon gaɓoɓi in sanyi ya shigo, ido ya yi ɗorawa, a ce mayu ne suka kama shi. Sai a 1910 wani likita a Amurka, James Herrick, ya rubuta labarin wani ɗalibi ɗan tsibirin Grenada da aka ga ƙwayoyin jininsa sun lanƙwashe kamar lauje. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120 a jiki, mai siffar lauje da ƙyar take kai 20. Ɓargo ya kasa cike gurbi, shi ne ƙarancin jinin. Wannan ba irin na rashin abinci ba ne, zogale ba ya warkar da shi.

To me ya sa ya fi yawa a wajenmu? A 1954 Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Wato sauro ke kashe yara masu AA, masu AS su tsira, su girma, su auri juna.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, an ga hakan a nan gida. A shekarun 1970 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bincike a ƙauyukan Garki, da ke Jigawa yanzu. Kusan jarirai 2 cikin 100 SS ne, amma a cikin manya da ƙyar aka samu. Ina suka tafi? Maƙabarta, tun ba su yi wayo ba, ba wanda ya san sunan abin da ya ɗauke su.

Ni kaina AS ne. In na auri AS, kowane ciki, ba kowane 'ya'ya huɗu ba, yana da kaso 1 cikin 4 na zuwa da SS. Wanda muka yi musun jiya, an sa ranarsa bayan Sallah, kuma har yanzu bai je gwajin ba.