Rajistar Jerin Littattafai a Ɗakin Karatu

Jerin littattafai rukuni ne da maɗaba'a ke fitarwa bi da bi, kowane littafi da takensa, amma duk suna ƙarƙashin suna ɗaya, galibi da lamba. Sanannen misali shi ne African Writers Series na kamfanin Heinemann, wanda aka fara a 1962 da Things Fall Apart na Chinua Achebe a lamba ta 1.

A tsarin rajistar littattafai na MARC 21, mai rajista yakan kwafe sunan jerin a gurbi na 490 kamar yadda ya gan shi a jikin littafin. Sai ya sa daidaitaccen sunan a gurbi na 830, don ko maɗaba'a ta sauya lafazi, mai nema ya tarar da littattafan a haɗe. Jerin kan sami lambar ISSN, kowane littafi kuma da ISBN ɗinsa.

Wurin jerawa a kanta ne ake kai ruwa rana: wasu sukan ajiye littattafan jerin tare, wasu su kai kowanne fanninsa, abin da ya fi wa ɗalibi sauƙi. Batun daidaita suna ma ya jawo ce-ce-ku-ce: a 2006 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya daina daidaita sunayen jeri, kuma ma'aikatan ɗakunan karatu da yawa sun yi ƙorafi.