Tarihin Alƙalamin Kwamfuta da Maɓallin da Ya Bar wa Marubuci Zaɓi

Duk wanda ya taɓa amfani da kwamfutar da ake rubutu a fuskarta da alƙalami, zai tarar da wani ɗan maɓalli a wurin saiti. Idan ya kunna shi, na'ura za ta mayar da rubutun hannunsa haruffan bugawa. Idan ya kashe, sai ta bar masa rubutunsa yadda ya zana shi. Wannan maɓalli yana da tarihi, kuma tarihin ya shafi mai rubutu da Hausa.

A shekarar 1888 wani Ba'amurke mai suna Elisha Gray ya yi rajistar wata na'ura da ke aika rubutun hannu ta waya. Mutum zai rubuta a nan, wani alƙalami a can nesa ya kwaikwayi motsin hannunsa a kan takarda. Na'urar ba ta san abin da aka rubuta ba, kwaikwayo ne kawai aikinta. Sai a 1964 cibiyar bincike ta RAND da ke jihar Kalifoniya ta fito da wani allo da ake haɗawa da kwamfuta, daga baya aka yi masa manhajar da ke gane haruffan da aka zana. Tun daga nan hanya ta rabu biyu: ko na'ura ta adana rubutu, ko ta yi ƙoƙarin karanta shi.

Kamfanoni sun fi kwaɗayin ta biyun. GRiDPad ta shigo kasuwa a 1989, Microsoft ya fitar da nau'in Windows na alƙalami a 1992, sannan a 1993 Apple ya kawo Newton a kan kusan dala 700, tare da alƙawarin cewa za ta karanta rubutun kowa. Wani kamfani na birnin Mosko mai suna ParaGraph ne ya haɗa manhajar karatun. Yadda take aiki shi ne, ta dubi kalmar da aka rubuta, ta nemo wadda ta fi kama da ita a ƙamusun da ke cikinta. In ba ta samu ba, sai ta sa wata can daban. Nan da nan Newton ta zama abin dariya a Amurka. Mai zanen barkwancin jarida na Doonesbury ya yi mata ba'a, shirin The Simpsons ma bai ƙyale ta ba. An gyara manhajar daga baya, ta kuma inganta ƙwarai, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Steve Jobs ya dakatar da ƙera ta a 1998.

Jeff Hawkins, wanda da hannunsa a aikin GRiDPad, ya ɓullo wa lamarin ta bayan gida. Tunda na'ura ta kasa koyon rubutun mutum, sai mutum ya koyi nata. Ya tsara wasu haruffa da ake kira Graffiti, kusan kowanne ana zana shi ba tare da ɗaga alƙalami ba. Harafin A, alal misali, kamar V ne da aka kife. Da su Palm Pilot ta fito a 1996, ta kuma karɓu sosai, domin kuskurenta kaɗan ne. Sai dai mai rubutu ne ya biya farashin, tunda dole ya ajiye salon hannunsa.

A 2002 Microsoft ya dawo da Tablet PC, da manhajar Windows Journal. Ita wannan tana ajiye rubutu a matsayin tawada, ba ta mayar da shi bugu sai mai shi ya nema. Bayan iPhone ta fito a 2007, inda Jobs ya yi wa alƙalami shaguɓe a bainar jama'a, an ɗauka zamaninsa ya wuce. Sai ga Samsung da Galaxy Note a 2011, Apple da kansa ya kawo Apple Pencil a 2015, Microsoft ya ƙara Windows Ink a 2016. Da Apple ya sa tsarin Scribble a iPad a 2020, mai mayar da rubutun hannu bugu nan take, ya haɗa shi da maɓallin kashewa. An ɗauki darasin Newton: ba a tilasta wa mai alƙalami fassarar na'ura.

To, mu ina ruwanmu? Har yau na'ura hasashe take yi, kuma da harshen da aka saita ta take hasashen. Idan a kan Ingilishi take, matsalar Newton za ta iya dawo maka sabuwa: ka rubuta kalmar Hausa, ta musanya maka da ta Turanci mai kama da ita. Ga kuma lanƙwasar ɓ, ɗ da ƙ. Na'urar da ba ta san su ba za ta ɗauki lanƙwasar a matsayin karkarwar hannu, ta mayar da ƙafa ta koma kafa, ɓari ya koma bari. A labari, wannan ya isa ya juya ma'anar jimla gaba ɗaya, kuma sunanka ne a jikin littafin.

Saboda haka shawarata ita ce, lokacin zubo labari na farko a kashe mayarwar. A bar hannu ya yi gudu, a soke, a ja kibiya, a yi ƙari a gefen shafi, ko da ajami ne ga mai sha'awa. In an zo tacewa sai a kunna, a fara gwada ta da kalmomi masu lanƙwasa, sannan a bi abin da ta fitar layi-layi kafin a tura wa masu karatu.

Wanda ya taɓa gwada rubuta Hausa da irin wannan alƙalami, ya faɗa mana a ƙasa wace na'ura ce, da yadda ta yi da ƙ da ɗ. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.