Me Ya Sa Kullum Sai Panipat?

Da yawanmu mun taɓa tura jarumin labarinmu Indiya karatu ko jinya, alhali abin da muka sani na ƙasar bai wuce lambunan furannin da muka gani a fim ba. Wannan makon sai mu duba ƙasar kanta, ta hanyar wani gari guda.

Panipat yana kimanin kilomita 90 arewa da Delhi. Sau uku ana gwabza yaƙin da ya yanke makomar arewacin Indiya a filinsa: 1526, 1556 da 1761. Dalilin yana kan taswira.

Ta arewa, tsaunukan Himalaya sun katange ƙasar na tsawon wajen kilomita 2,400, ƙanƙara a kansu rani da damina, ba mai haura su da runduna ta dawakai. Ta kudu teku ce gabas da yamma. Ƙofar da ta rage tana arewa maso yamma, wasu mashigai ne tsakanin duwatsu, wanda ya fi suna shi ne Khyber, a iyakar Fakistan da Afganistan ta yau. Wanda ya shigo ta nan zai gangaro Punjab, ya tsallake kogunanta, ya miƙa gabas. Daga nan hanya take tsukewa: hagunsa gindin Himalaya, damansa hamadar Thar, gabansa kogin Yamuna. A wannan maƙogwaro Panipat yake. In ka wuce shi sai Delhi, sai shimfiɗaɗɗen filin kogin Ganga, inda lakar da ruwa ke kwasowa daga tsaunuka take ciyar da miliyoyin mutane. Can ne hatsi, can ne haraji. Dole mai mulkin Delhi ya fito ya tare baƙo a bakin ƙofa.

Haka Sultan Ibrahim Lodi ya yi a Afrilun 1526. Ya fito da giwaye da mayaƙa da suka ninka na Babur, wanda ya taso daga Kabul. Babur ya ɗaure amalanke a jere, ya girke igwa a bayansu, ya saki mahaya ta gefe biyu. Fili ne fetal, irin wanda doki ke so. Lodi ya faɗi a wurin, daular Mughal ta kafu. Bayan shekara 30, a Nuwamba 1556, Hemu ya kusa cin rundunar Akbar, jikan Babur, yaro ɗan shekara 14, sai kibiya ta same shi a ido, mutanensa suka watse.

Na ukun ya fi ban tausayi. Marathawa sun taso daga kudu suka yi sansani a Panipat, sai Ahmad Shah Abdali na Afganistan ya tsallake Yamuna ya tsaya tsakaninsu da Delhi. Abinci ya yanke. Yunwa ce ta fito da su fagen fama a Janairun 1761, aka yi musu mummunan kisa.

Ku lura da watannin: Afrilu, Nuwamba, Janairu. Babu na damina ko ɗaya. Daga Yuni zuwa Satumba iskar teku tana kawo ruwa, Himalaya ta tare shi ya zube a filin, koguna su cika, hanya ta zama taɓo. Ko sojojin Iskandar na Makidoniya, a 326 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun sha wannan ruwa har suka ƙi gaba a bakin kogin Beas.

Sai dai cin Panipat bai taɓa nufin cin Indiya duka ba. Kudu da kogin Narmada tudun Dekan ne, ƙasar duwatsu da kwazazzabai, ga tsaunukan Ghat ta yamma inda Shivaji ya riƙe ganuwoyi a kan ƙololuwa. Dabarar fili ba ta aiki a nan. Sarki Aurangzeb ya shafe kusan shekara 25 yana kama ganuwa ana ƙwacewa, har ya rasu a Ahmadnagar a 1707 bai koma Delhi ba.

Waɗanda suka gaji ƙasar daga baya ma ba su biyo ta Khyber ba. Tun 1498 Vasco da Gama ya sauka kusa da Kalikut ta teku, Turawan Ingila suka biyo sawu, suka fara da rumfunan ciniki a Surat, Madras, Bombay da Kalkata.