Gida Mai Lamba 42 a Arnol, Inda Gwamnati ke Biyan Kuɗin Hura Wuta

A gaɓar yammacin tsibirin Lewis, can arewa maso yammacin Sikotland, akwai wani ƙauye da ake kira Arnol. Iskar Tekun Atlantika ba ta ɗaga wa wurin ƙafa, itatuwa kuma sai an tona. A nan wani tsohon gidan manoma yake, mai lamba 42, wanda aka gina wajajen 1880, iyali suka zauna a cikinsa har 1966. Yau yana hannun hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar, Historic Environment Scotland, kuma cikin ayyukan da ma'aikatanta ke karɓar albashi a kai har da hura wuta a tsakar ɗakin. Ba don ƙawa ake hura ta ba.

Sai an san yadda aka gina gidan kafin a gane dalili. Bango biyu ne na dutse, ɗaya a ciki ɗaya a waje, an jera su ba siminti ba farar ƙasa, aka cika tsakaninsu da ƙasa aka daddaɓe. Rufin bai sauka a kan bangon waje ba, a kan na ciki ya zauna. Saboda haka iska ba ta samun bakin jinka da za ta kama ta yaye, ruwan sama kuwa yana gangarowa ya shige ƙasar da ke tsakanin bangon ya ƙara toshe kafofin da sanyi zai bi. Faɗin da ya rage a saman bangon ya isa mutum ya taka, a kansa ake tsayawa in za a yi baibaya. Azara ita ce abu mafi tsada a gidan, domin a tsibirin da ba daji, itacen da teku ya turo gaɓa shi ne arziki. A kan azarar ake shimfiɗa yankakkiyar ƙasa mai ciyawa, a bi da karan hatsi, a lulluɓe da igiya ko tsohuwar komar masunta, a rataya duwatsu a gefe su danne.

Ƙofa ɗaya mutane da shanu ke shiga. Turken dabbobi yana ɓangaren da ƙasa ta gangara, don fitsari ya yi can waje, ɗumin jikinsu kuma ya taimaki mutane a hunturu. Kashinsu yana nan yana taruwa har sanyi ya wuce a kwashe zuwa gona. A ɗakin zama murhu yana tsakiya, da tukunya rataye a sarƙa, kuma babu bututun hayaƙi. Abin da ake ƙonawa wata baƙar ƙasa ce ta ruɓaɓɓen ciyayi da ake yankowa a fadama a shanya. Hayaƙinta yakan tsaya a sama ya riƙa tsatsowa ta cikin jinka a hankali, yana busar da ita, yana korar ƙwari. Bayan wani lokaci sai a sauke jinkar da ta sha kunkunniya a kai gonar dankali ta zama taki, a ɗora sabuwa. Gona ta ba da rufi, rufi ya koma gona. A gefen wannan wuta ake taruwa hirar dare da labarai cikin harshen Gelik.

Me ya sa mutane suka daɗe a irin wannan gida alhali sauran Birtaniya ta shiga zamanin jirgin ƙasa? Talauci na ciki, amma akwai batun ƙasa. Manoman haya suke a hannun attajiran da suka mallaki tsibirin. Sir James Matheson ya sayi Lewis ɗungurungum a 1844. Wanda ya gyara gidansa na iya jawo wa kansa ƙarin kuɗin haya, ko a tashe shi ba diyya. Sai a 1886 majalisar dokoki ta yi dokar da ta tabbatar wa ƙananan manoma zamansu, ta kuma ba su haƙƙin diyya kan gyaran da suka yi. Daga nan jami'an lafiya suka matsa, suna danganta gidajen da zazzaɓin taifot da tarin fuka, suna neman a raba mutum da dabba da bango. Rance da tallafin gwamnati suka biyo baya, aka fara gina gidaje masu bango ɗaya da siminti da bututun hayaƙi da tagogi. Su aka kira fararen gidaje, tsofaffin suka zama baƙaƙe. Ɗaya daga cikin fararen, mai lamba 39, yana tsallaken hanya daga mai lamba 42, shi ma an adana shi. Mazauna da yawa sun tarar sababbin sun fi laima da sanyi, amma zama a baƙin gida ya riga ya zama abin kunya.

Bai kamata a yi wa wannan rayuwa kwalliya ba. Hayaƙi yana cin ido da ƙirji, kuma uwar da ta kwana da ɗanta mai tari kusa da tarin kashin shanu ba ta yi laifi ba da ta so tashi. Abin lura dai shi ne gwamnatin da ta matsa wa mutane su bar gidajen ita ce ta dawo tana kashe kuɗi kan guda ɗaya.

Wahalar adana shi ta bambanta da ta fada ko coci. Can akan kare gini daga hannun mutane. Nan kuwa hannun mutane ne ke riƙe da ginin, kamar gidan ƙasa da ba ya kai labari in an daina yi masa yaɓe. Wuta ta mutu, laima ta kama jinka, azara ta ruɓe, rufi ya rufta cikin ƴan shekaru. Don haka dole a samu kara mai tsawo, abin da injin girbi na zamani ke kakkaryawa, a samu wanda ya iya baibaya irin ta tsibirin, a kuma yanko ƙasar ƙonawa. Dokar kare gini tana iya hana rushewa, ba ta iya samar da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Mutanen Gearrannan, kudu da Arnol a gaɓa ɗaya, wata hanyar suka bi. Mazauna na ƙarshe sun bar baƙaƙen gidajensu a 1974, daga 1989 kuma wata ƙungiyar amintattu ta ƴan yankin ta shiga gyara su da dutse da jinka irin na da. Wasu sun zama masaukin baƙi masu biya, da lantarki da ruwan famfo da banɗaki, kuɗin kwana yana taimakawa wajen kula da ginin. Daga waje ka ce ƙauyen 1900 ne. A ɗakunan baƙin babu saniya babu hayaƙi, kuma da akwai su da wuya a samu mai kama ɗaki.