Alƙali da Alkalde: Tsohuwar Hanya Daga Andalus Zuwa Gobir

Shekarar da na zaɓi Sipaniyanci a lise, kawuna a Tibiri ya dube ni ya ce: "Mi za ka yi da shi, ɗana? Ko ƙwallo za ka bugawa a Madrid?" Dariya kawai na yi, don ba ni da amsa. Sai da na shiga jami'a na fara nazarin harsuna na gane cewa amsar tana cikin tarihin garinmu.

A 1492 birnin Granada, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ya faɗa hannun sarakunan Kirista. Cikin iyalan da suka yi hijira zuwa Fas akwai na wani yaro, Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus. Littafinsa kan Afirka, da aka buga a Venis a 1550, ya ambaci Kano, Katsina, Zazzau, Zamfara, Agadas da Gobir. Ya ce Gobirawa na da masaƙa da dukawa, kuma ana kai takalmansu har Tumbuktu da Gawo. Masana na jayayya ko ya taka ƙafa ƙasar Hausa ko labari ya ji, amma dai ta alƙalamin ɗan Granada Turai ta karanta sunan Gobir, kusan ƙarni uku kafin Gobirawa su kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836.

Ba shi kaɗai ba ne. A 1591 Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya turo runduna ta karya Songhai a Tondibi. Jagoranta, Judar Pasha, haifaffen kudancin Sipaniya ne, haka ma da yawa daga cikin ƴan bindigarsa. Sauran Askiyoyi suka gudo Dendi, can wajen Gaya ta yau.

To, a nan ne ɗalibin harshe ke jin daɗi. Sipaniyanci da Hausa duk sun ari kalmomi daga Larabci, kuma sau da yawa sun haɗiye su tare da "al" ɗinsu. Mu muna cewa alƙali, su suna cewa "alcalde", sai dai a wurinsu magajin gari ne. Almiskinmu shi ne "almizcle". Zaitun "aceituna", sukari "azúcar". Ko "hasta" da muke rerawa a aji, hatta ɗinmu ce. Ranar da na karanto wa kawu waɗannan, shiru ya yi, sannan ya ce: "Ashe rijiya ɗaya muka sha."

Me ya sa na kawo wannan? A 1919, a jami'ar Berkeley ta Amurka, wata ɗaliba, Ruth Barnes, ta kafa ƙungiyar karrama ɗaliban da suka yi fice a Sipaniyanci. Ita ce Sigma Delta Pi, wadda yau take da rassa ɗaruruwa. Ku lura, ɗaliba ce ta fara, ba gwamnati ba.

Mu kuwa, daga Agye zuwa Gazawa har Gidan Rumji, da an gama bak sai mu jefar da kayen Sipaniyanci ƙarƙashin gado. Wasu ba sa tuna harshen sai a gidan kallon ƙwallo, wasu sai sun fara mafarkin tsallaka teku. Shekaru na wahala su tafi a banza, kuma tarihin da ya shafi kakanninmu ya zauna a hannun baƙi.

Shawarata ƙarama ce. Mu samu mutum biyar ko goma, tabarma da butar shayi, mu riƙa haɗuwa ranar Asabar. Mu yi hira da harshen, mu fassara tatsuniyoyinmu, mu tattara kalmomin nan masu uwa ɗaya. Ni na riga na rubuta ashirin a kayena. Wa zai kawo ta ashirin da ɗaya?